Mukullin da Baba Issaka ya hana ni

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin soyawa yara kwai da safen nan wayata tayi kara. Nura ne daga Birmingham, ko sallama baiyi ba yace Janar, Baba Issaka ya rasu.

Nace wane Baba Issaka. Alhali guda daya na sani a duniya.

Yace bayan asuba, a asibiti. Nace to. Na ajiye wayar na juya kwan dan ya fara kamawa. Na zubawa yara, na kaisu school, na dawo. Sai gani zaune a mota a kofar flat dinmu a Withington nan Manchester, inji a kashe, kusan rabin awa ban fito ba.

Wadanda suka sanni a page dinnan sunsan bana dogon rubutu. Hotona nake sakawa na rubuta Janar ya fito, ku kuma kuyi ta zuba wuta a comment. Yau zai danyi tsayi, kuyi hakuri. Kuma malaman Hausa kar wanda ya biyoni da jan biro. Matata ce Dakta a gidanmu, ba ni ba. Ni a bayan visa dinta na shigo kasar nan kaman akwati.

Akwai karyar da nayiwa mutumin nan a wannan page din shekara biyu da suka wuce. Ya rokeni na gyara, nace zan gyara, ban gyara ba har ya tafi. To yau zan gyara.

Ga wanda bai sanshi ba, Baba Issaka mutumin Ghana ne, dan zangon Kumasi. Tsohon direban bus ne a Birmingham, yayi shekara da shekaru yana zagaye garin nan har yasan kowane rami na titi da sunansa. A Handsworth yake zaune da matarsa Mma Hawa. Da yana saurayi yayi damben boxing, hancinsa ma shaida ne, ya dan kwanta gefe daya.

Da yayi ritaya sai ya kama wani daki a saman shagon kujeru a Sparkhill, ya jera heater a bango, ya shimfida roba a kasa. Duk Asabar karfe tara na safe, maza zalla. A rufe kofa, dakin ya dau zafi, ayi ta mikewa da tsalle da tsugunno awa daya cur. Gumi kaman an bude famfo.

Na taba gwada irinsa na turawa a cikin gari. Na shiga naga abinda na gani, na karasa class din ina kallon yatsun kafata, na fito ina istigfari. Shiyasa da akace ga na maza a Sparkhill ban tsaya tambaya ba.

Ranar farko na shiga ina daga kafada. Nace Baba kunna heater dinka gaba daya, ni dan Hadeja ne. A garinmu watan hudu kadangare ma da gudu yake tsallaka titi. Wannan ai AC ne.

Ya kalleni sama da kasa. Yace zafin garinku a inuwa kake zama masa da mafici a hannu. Nan tsalle zakayi a cikinsa.

Daga ranar, saboda wannan cika bakin, kowa na ce min Janar, shi kadai yake ce min Hadeja.

Yanzu ga abinda ya raba dakinsa da na kowa.

A bakin kofa akwai wata langa, irin ta iyayenmu mai fure a murfi, Mma ce ta taho da ita daga Ghana. Kafin ka shiga sai ka jefa mukullin motarka a ciki. In a bus kazo, wayarka zaka jefa. Ya rufe murfi ya ajiye a bayansa.

An gama class ba tafiya. A fito baranda, akwai dogon benci, kowa ya zauna. Minti talatin a agogonsa. Ba wanda zai fada wanka da ruwan sanyi nan take, ba wanda zai fita iskar waje da jikakkiyar riga. Ruwa da dan gishiri a ciki, kuma a hankali zaka sha, in ka daga gora kaman rakumi sai ya kwace. Ayaba, dabino, wataran sobolo na Mma, wanda zobonmu ne suka canza masa suna suka cika masa citta.

Sai ya bimu daya bayan daya. Ya tsaya a gabanka ya kalli cikin idonka. Me kaci da safe? Ina zaka daga nan? Wace hanya zaka bi? In ka amsa tas ya miko maka mukulli. In kana in ina ko idonka na yawo, karin minti sha biyar.

Yakan ce class dina awa daya da rabi ne, rabin a benci ake yinsa.

Kuma bai yarda ka shiga dakin zafi kwana biyu a jere ba, ko a ina ne. Wai naman jiki ba a wajen tsalle yake ginuwa ba, a kan katifa yake ginuwa. Ni lokacin nace wannan ai hadisin malalata ne.

Kabiru, wani dan Katsina mai PhD akan ruwa, kullum shi ke da sauri. Baba dan Allah mukullina, supervisor na jirana.

Baba yace ranar Asabar? Wane irin supervisor ne wannan, mai jan baki?

Benci ya dauka. Kabiru ya koma ya zauna yana bare ayaba kaman an aikeshi.

Maganar gaskiya rabin abinda na sani a kasar nan a bencin nan na koya. Yadda ake magana da council, yadda zakayiwa mai amsa waya a GP bayani har ta baka ganin likita, inda ake samun naman rago mai kyau. Duk muna zaune da tawul a wuya.

Ni da nake tuka mota tun ina sha hudu, na fadi driving test sau uku a kasar nan. Sau uku. Baba ne ya rika zuwa duk Lahadi bayan azahar ya zauna a gefena, muyi ta zagaye roundabout har kaina ya juya. Hadeja madubi. Hadeja wannan ba kwanar kasuwa bace. Ranar da naci nazo ina ihu na daga takardar, yace to Birmingham sai kuyi ta kanku.

Lokacin da aka haifi yarmu ta biyu, Dakta na fama da rubutun thesis, sati guda yana hawo mana bene da flask din koko da kose a leda. Baya ko zama. Ya mika ya juya.

In kafarka ta daure a class shi da kansa zai durkusa ya kama sharabarka ya murza har ta saki. Mutumin da ya haifi kamarmu.

Daga baya Dakta ta samu aiki a uni a Manchester muka tattara muka dawo nan. Amma ban bar dakin ba. Asabar daya na zo, daya na huta, na kamo motorway tun da safe. A gym din Manchester ba wanda yasan ni Janar ne, lamba ce kawai a jikin kofa.

To ga ranar.

Bayan karamar sallah ne, ina azumin sitta shawwal, ina na hudu. Wani abokina anyi masa haihuwa a Manchester, walimar suna karfe biyu na rana a ranar Asabar din, kuma ni ne MC, dan wa zasu dauka in ba ni ba. Telana na Kano ya aiko min da sabon kaftani, shadda mai maiko, na saka naga maballin ciki na neman ceto. Laifin telan ne, amma ba lokacin rigima.

Sai nace bari na narkar da tumbin. Laraba, Alhamis, Juma'a, kullum ina dakin zafi a Manchester, da azumi a bakina. Asabar nace bari naje na karasa shi a wajen Baba.

Nasan dokarsa sarai. Mai azumi baya shiga dakinsa. Watan Ramadan ma rufewa yake gaba daya, sai dai a hadu a park ayi tafiya. Shiyasa ban fada masa ba. Kuma shiyasa na dauko spare key na cusa a cikin safa. Wannan ba mantuwa bace ba tsautsayi ba, tun daga gida na shirya.

Nayi class din. A gaba na tsaya ma, ina yiwa na baya tsiya. Muka fito benci ya miko min gora, na kai baki nayi kaman ina sha. Ayabar na zura a aljihun wando.

Yazo gabana ya tsaya. Ya dade yana kallona.

Hadeja, me kaci da safe?

Nace shayi da biredi Baba.

Yace lebenka kaman bayan kada. Azumi kake?

Nace sitta ne kawai, saura biyu.

Yace kwana nawa kana shiga zafi?

Nura dake gefena, dan Zariya ne mai tuka taxi, yace Baba tun Laraba yake saka hoto.

Baba yace to ga zabi. Ko ka sha ruwa yanzu, kaci abinci, ka kwanta awa biyu a gidana sannan ka tafi. Nafila ce, ka rama wata rana. Ko kuma ka rike azuminka, ni na rike mukulli har magariba.

Nace ana jirana karfe biyu, ni ne MC.

Yace jaririn zai samu suna ko baka je ba.

Aka yi dariya. Kuma ni na saba ni nake sa ayi dariya, ba a kaina ake yi ba.

Na mike. Nace Baba kai fa ba ubana bane. Bus ka tuka, ba asibiti ka rike ba. Kazo daga Ghana inda ruwan sama baya daukewa zaka koyawa dan Hadeja zafi?

A gaban kowa na fada. Mutum wajen goma sha biyar.

Ya maida murfin langa ya rufe.

Sai na sunkuya na zaro spare key daga safa na kada shi a sama. Su Nura da Kabiru suka dau ihu, Janar! Janar! Na sauka bene ina daga musu hannu kaman dan takara.

Na fita Birmingham lafiya. Na hau motorway ina ta maimaita barkwancin da zanyi a wajen suna. Wajen Stafford naji sharabar kafar dama ta daure, kafar da nake taka mai da ita. Kafin nace wani abu layin titi ya zama hudu. Kunnena ya dau kara kaman an kunna injin markade. Bansan na bar layina ba sai da wata lorry ta danna min horn, naga tayarta a saitin fuskata.

Yadda akayi na shiga services din dake gaba, inda matafiya ke tsayawa su huta, Allah ne kadai ya sani. Na tsaya a karkace na cinye wajen mota biyu. Na bude kofa nayi ta yunkurin amai ba abinda ke fitowa. Nace bari na mike, kafa tace bata san zancen ba.

Ban kira Dakta ba, dan da ta karasa abinda lorry ta fara.

Baba na kira. Mutumin da na gama cewa ba ubana bane ko awa daya ba'ayi ba.

Bugu daya ya dauka. Yace ina kake. Na fada. Yace akwai ruwa a motar? Nace azumi Baba. Yace Hadeja sha ruwa nace.

Babu ruwan ma. Wata tsohuwar baturiya da karenta ce ta ganni ta matso. Na mika mata wayar. Naji yana mata turancinsa na direban bus, wai ta bani ruwa kadan kadan, ta samo min abu mai gishiri, in taga na fara shirme ko na daina gane ta to ta kira ambulance kar ta jira shi. Haka matar nan ta zauna a bakin kofar motata tana bani crisps, soyayyen dankalin nan na leda, daya daya kaman yadda take bawa karen. Da crisps din baturiya na karya sitta shawwal.

Basu cika awa ba sai gasu. Mma Hawa ce ke tuki, shi yana gefe da flask a cinya. Ko kallon fuskata batayi ba. Ta bude bayan motata tace kwanta, ta dora min kafafu akan jakar kaftanin, ta jika tawul ta sa min a wuya. Aka bani shinkafa da wake irin tasu, cokali biyar da kyar.

Sai da Baba ya tsaya a kaina ya kalli idona yayi tambayoyinsa, ina zaka, wace hanya, sannan ya shiga gaba ya tada motata.

Jama'a ban taba sanin motata na iya tafiya a hankali haka ba. Har lorry din kaji ta wuce mu. Ina kwance a baya nace Baba ko zaka tsaya ka dau fasinja ne. Yace ka samu bakin magana kenan, alhamdulillah.

Mma na binmu a baya har Withington. Suka hawo dani bene suka mikawa Dakta. Ya sa ta yi masa alkawarin zanje GP ranar Litinin, kuma naje, likitan ya maimaita min abinda Baba ya fada a benci, da turanci mai tsada.

A bakin kofa yace Asabar mai zuwa kar kazo. Ta sama kazo.

Masu suna kuwa nace musu taya ce ta fashe.

Bai fadawa kowa ba. Ko mutum daya. Da su Nura suka tambayeshi ya Janar ya isa, cewa yayi ya isa.

Ni kuma ban koma ba. Ta saman ta wuce, ta samanta ma ta wuce. Na rasa da wace fuska zan jefa mukulli a langar nan. Aka fara tambaya a comment, Janar ya ka daina zuwa Sparkhill.

Sai na saka hoto, na daga hannu ina nuna kwanji, na rubuta wai Janar ya wuce wajen. Wai class din tsofaffi ne, rabin lokaci a benci ake karewa ana cin ayaba. Wai ni da azumi nayi class na tuko daga Birmingham har Manchester ko gezau.

Da yawanku kun danna like. Wasu sun rubuta namiji. Na gode, karya ce.

Dakta ta gani tace Bashir ka goge abin nan. Nace gobe.

Ba'a yi wata biyu ba Nura da Kabiru da wasu suka koma wani sabon waje a cikin gari, mai madubi ta ko ina da kida. Can ba langa ba benci. Ana gamawa kowa ya figi jaka sai mota. Bencin Baba ya koma mutum biyar, daga baya ya saki dakin. Bance ni kadai na rufe shi ba, lafiya ma ta fara yi masa gardama a lokacin. Amma nasan kasona.

Haduwarmu ta karshe wata biyu kenan. Naje Birmingham daurin aure, na biya Stratford Road sayen nama. Sai na hangoshi zaune a bus stop, ya rame, kot din kaman a jikin kusa aka rataye. Nayi maza na labe bayan kwalayen mangwaro na wani shago.

Sai naji Hadeja! Tumbinka ya leko ta gefe.

Na fito. Na durkusa na gaisheshi. Ya matsa min na zauna.

Yace har yanzu class dina yayi maka sauki?

Nace Baba dan Allah.

Yayi dariya har tari ya kamashi. Na fara hada kalmomin ban hakuri yace bar wannan, wannan tun a Stafford ya wuce. Wata magana ce.

Yace Kabiru ya fadi a matakala bayan class watan jiya, an dinke masa gira. Nura yana fitowa daga zafi yake shiga taxi ya dau mutane, har da masu yara. Na kirasu na musu magana, sunce ai Janar da azumi ma yayi. Ni tsoho ne mai ayaba, basa jina. Kai suke ji. Ka fada musu yadda akayi.

Nace wallahi Baba wannan satin.

Yace to.

Bus dinsa tazo. Na kama hannunsa zan taimaka masa ya hau, ya ture. Ta glass na hangoshi ya tsaya yana nunawa direban yadda ya taka birki ba daidai ba.

Satin ya wuce. Na bude wayata na rubuta na goge ya fi sau goma. Ranar da na kusa sakawa sai na saka hoton sabon takalmi.

Dazu bayan azahar na daure na kira Mma Hawa nayi mata gaisuwa. Ta amsa, ya hakuri, hakuri sai ma'aiki, duk yadda ake yi. Har zan ajiye tace Bashiru tsaya.

Tace shi ya yafe maka tun a mota. Ni ce ban yafe ba. Ni na tuka ranar, ni na wanke tawul din. Yata ce ta karanto min abinda ka rubuta, yana zaune yana ji, yace kar wanda ya tanka. To yanzu baya nan da zai hanani. Inda ka rubuta na farko, nan zaka rubuta na biyu. In an karanta min sai nasan abinda zance.

Ta kashe.

To gashi. Ban tuko har Manchester ba. A bayan mota aka kawoni, kafata a sama, akan kaftanin da ko sau daya ban fita dashi ba. Saura kiris na shige karkashin lorry, kuma da ban tafi ni kadai ba, akwai motoci a bayana. Tsohon post din na barshi a inda yake, na sa link a comment na farko, duk mai son ganin fuskar makaryaci ya shiga.

Nura, Kabiru, nayi tagging dinku da gangan, ku ji haushi in kun ga dama. In kun fito daga zafin nan ku samu waje ku zauna, ko a kasa ne, ko turawa zasu kalleku. Rabin awa. Ku sha ruwa a hankali ku sa wani abu a ciki, ku bari gumi ya tsaya kafin ku taba mukulli. Nura kai musamman, motarka ba kai kadai bane a ciki. Kar ku jera kwanaki. Ranar da kuke azumi ku hakura, tumbi ba inda zashi, nawa ma yana nan muna zaman lafiya. Kuma duk wanda ya kara cewa ai Janar yayi, ku nuna masa wannan.

Ba'a sa lokacin jana'iza ba tukuna, ana jiran takardun asibiti. Nura zai saka a group da zarar an fada, nima zan saka anan.

Mma, a karanta miki. In akwai inda na rage ko na yiwa kaina kwalliya, ki sa yarki ta rubuta a kasa, bazan goge ba.

Allah ya jikan Baba Issaka, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci, ya hutar dashi hutun da babu tashi aiki a bayansa. Allah ya bawa Mma da yara hakuri.

Ku kuma yau bana son wuta ko namiji a comment. Wanda ya karanta har nan ya daure yayi masa Kulhuwallahu kafa uku, in kayi sallah ka saka sunansa a sujjada. Issaka ne sunan.